BINDIGAR GADO TA ƘI BUƊUWA: ƘARFI ZA A SA KO DABARA?

Allah ya yi wa mai gida rasuwa, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, baƙin da suka zo ta'aziyya daga Kano da Ikko duk sun koma. Sai ranar da malamai za su zauna rabon gado a buɗe turakarsa, a shiga fito da kaya ɗaya bayan ɗaya: manyan riguna, da alkyabba, da littattafai, da tsofaffin takardun cinikin goro. Can ƙarƙashin gadon ƙarfe sai a jawo wani dogon abu naɗe cikin tsohon bargo. Ko da aka warware, sai ga bindiga mai baki biyu, ƙotarta ta yi baƙi don tsufa, tsatsa ta yi mata zane. Babban ɗa ya ɗauka, ya tura ɗan hannun ƙarfen da ke bisanta don ta buɗe a ga cikinta, ta ƙi. Ya ƙara ƙarfi, ko gezau. Nan da nan sai wani daga cikin samari ya ce a miƙo guduma.

Haka al'amarin kan faro a tsofaffin gidaje irin na unguwar Sabo ta birnin Badun, kuma a daidai wannan lokaci ne rai ke gab da salwanta ba tare da kowa ya farga ba. Dalili kuwa shi ne, bindigar da ta ƙi buɗuwa babu wanda ya san abin da ke cikinta. Mutum ɗaya da ya sani yana kabari. Saboda haka ƙa'idar farko ga duk wanda irin wannan kaya ya faɗo hannunsa ita ce ya ɗauka akwai harsashi a ciki, ya kuma yi mu'amala da ita a kan haka har ranar da aka buɗe aka tabbatar babu.

Yadda Ta Shigo Gidajen Sabo

Badun gari ne da ya san bindiga tun kafin mulkin Turawa, gama mayaƙa ne suka raya shi. A yaƙin Kiriji, wanda aka gwabza daga 1877 zuwa 1893 tsakanin Badun da taron dangin Ekiti da Ijesha, abokan gābar Badun sun samo bindigogin da ake ɗura wa harsashi ta baya daga Ikko, nan ne kuwa mutanen garin suka ga bambancin da ke tsakaninsu da harba-ka-ruga wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Maƙeran garin, irin na unguwar Agbede Adodo, sun daɗe da sanin aikin ƙarfe, mafarautan Yarabawa kuma suna da ƙungiyoyinsu da al'adunsu tun kaka da kakanni.

Cikin 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Burasel na ƙasar Baljiyam, suka ƙuntata shigo da bindigogin zamani wannan sashe na Afirka, suka bar wa talakawa harba-ka-ruga da albarushin kasuwa. Wannan ya sa bindiga mai baki biyu ta zama kayan Turawa, da sarakuna, da manyan ma'aikata, da attajiran da hukuma ta amince ta ba su lasin. Mallakarta alama ce ta cewa mutum ya isa.

Ita kuwa unguwar Sabo cikin 1916 aka keɓe ta ga Hausawa, waɗanda kafin nan suke zaune a gidajen Yarabawa cikin gari. Jirgin ƙasa ya iso Badun cikin 1901, ya kai Kano cikin 1911, sai garin ya zama mahaɗar fatauci: goro na hawa Arewa, shanu na gangarowa Kudu. Wani masanin zaman jama'a, Abner Cohen, wanda ya zauna unguwar cikin 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafi a kanta cikin 1969, ya bayyana yadda wannan ciniki ya rataya a wuyan masu gida. Su ne ke sauke fatake, su ciyar da su, su ajiye musu kuɗi, su haɗa su da dillalai, su tsaya musu a kan bashin da mahauta suka ci. To, mutumin da dukiyar baƙi ke kwana a ɗakinsa ba abin mamaki ba ne in ya nemi lasin ya ajiye bindiga kusa da shimfiɗarsa. Wanda kuwa ya ajiye ta don ɓarawon dare, da wuya ya ajiye ta babu kome a ciki. Wannan shi ne abin da magada ke mantawa.

Yadda Take Kulle Kanta

Kafin a gane abin da ya hana ta buɗuwa, sai an san abin da ke rufe ta. Irin wannan bindiga kashi huɗu ce: bututu biyu da aka liƙa gefe da gefe, da dunƙulen ƙarfen tsakiya wanda shi ne uwarta, da ƙota, da kuma katakon gaba da ke ƙarƙashin bututun inda hannun hagu ke riƙewa. Bututun na juyawa ne a kan wata ƙusa mai kauri da ke gaban uwar, kamar yadda ƙyaure ke juyawa a jikin ƙofa, shi ya sa in an buɗe ta sai bakin ya sunkuya ƙasa, gindin ya ɗago sama a ga ramukan harsashi.

Wani maƙerin birnin Faris mai suna Casimir Lefaucheux ne ya yaɗa wannan fasali tun wajen 1835, Ingilishi suka gan shi a babban bajekolin Landan na 1851, suka ɗauka suka yi ta gyara. Cikin 1863 James Purdey ya ƙago sakata mai shiga wuri biyu: a ƙarƙashin bututun akwai haƙora biyu na ƙarfe, kowanne da tsagi, sakatar ta zura cikin tsagin ta riƙe. Cikin 1865 William Scott na birnin Bamingam ya haɗa wannan sakata da ɗan hannun da ke bisa, wanda makanikai za su kira liba. In an tura libar dama da babban yatsa sai ta juya wata 'yar sanda da ke tsaye cikin uwar, sandar ta ja sakata baya, in an saki kuma sifirin ya mayar da ita. Kamfanin Greener ya ƙara wata sakata a gicciye daga sama. Sa'an nan cikin 1875 ma'aikata biyu na kamfanin Westley Richards, watau Anson da Deeley, suka ɓoye gudumomin da ke dukan harsashi cikin uwar, a maimakon su tsaya a waje kamar kunnuwa, har ya zama sunkuyar da bututun ita ke ɗana su.

Ke nan a buɗewa guda abubuwa huɗu ne ke faruwa: sakata ta janye, allurar da ke sukar cibiyar harsashi ta koma cikin raminta, wani ɗan ƙarfe ya turo kwanson waje, gudumomi kuma su ɗanu. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya cije, duk bindigar ta cije. Aikin mai hankali shi ne ya gano wanne ne, guduma kuwa ba ta san wannan tambaya ba.

Wani abin lura kuma, ba kowace tsohuwar bindiga ce ke da liba a bisa ba. Akwai waɗanda nasu hannun yana kwance ƙarƙashin zoben da ke kāre kunama, sai an juya shi dama, fasalin da Henry Jones ya yi rajistarsa cikin 1859, akwai kuma masu shi a gefe. Sau da yawa bindiga lafiyarta lau, mai riƙe da ita ne bai san ƙofarta ba.

Abubuwa Huɗu Da Ba A Yi

Na farko, ba a dukanta. Ɗan maɓallin tsaron da ke bayan liba, a yawancin bindigogin nan kunama kawai yake tarewa, ba ya riƙe gudumar da ke ciki. Abin da ke riƙe gudumar ɗan tsagi ne ƙanƙane da ke iya cinyewa saboda tsufa da tsatsa. In aka buga uwar da ƙarfe, ko aka doka ƙotar a ƙasa, ko aka karya ta a gwiwa da ƙarfin tsiya, girgizar kaɗai ta isa ta saki gudumar bindiga ta tashi, alhali ba wanda ya taɓa kunama. Ko da ba ta tashi ba, libar kan lanƙwashe ko sandar cikinta ta karye, ƙaramar cuta ta zama babba.

Na biyu, ba a kai ta wuta. Maƙeri ya saba in noti ya cije ya gasa shi ya saki, kuma a kan garma ko keken shanu dabara ce mai kyau. A kan bindiga kuwa ganganci ne, domin zafi na tayar da harsashi. Bugu da ƙari, ƙarafan da suka haɗa bututun biyu da kuza aka liƙa su, wadda ke narkewa tun ƙarfe bai yi ja ba, sifirin kuma in ya sha wuta ya mutu ke nan.

Na uku, ba a jan kunama wai don a fitar da abin da ke ciki a huta. Bututun da ya shekara goma ko ashirin a ajiye ba a san abin da ya toshe shi ba. Zanzaro na son irin wannan rami, yakan cika shi da laka ya yi ɗaki, wani lokaci kuma mai ita ne da kansa ya cusa tsumma don kada ƙura ta shiga. In aka harba bututun da ke toshe fashewa yake yi, kuma sau da yawa kusa da inda hannun hagu ke riƙe.

Na huɗu, ba a leƙa bakinta, ko da tocila, ba a kuma busa shi.

Abin da ya kamata shi ne a fitar da yara da mata daga ɗakin, mutum ɗaya mai natsuwa ya ɗauke ta yatsansa nesa da kunama, ya kwantar da ita bakinta na fuskantar buhun yashi, ba ƙofa ko taga ba. Gidajen Sabo a cushe suke, ɗaki na jingine da ɗaki, ƙyauren katako ko langa-langa kuwa ba ya tare ƙwayoyin dalma, daɓen siminti ma mayar da su yake yi. Daga nan a kulle ɗakin, babban gida ya riƙe mabuɗi, a shiga neman takardu.

Abin Da Doka Ta Ce

Takardun da za a nema su ne lasin mamaci da rasit na sabuntawa, galibi suna cikin akwatin da yake ajiye takardun gida. Dokar Makamai ta 1959, wadda ita ce tushen wannan sha'ani a Nijeriya, ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da iznin Shugaban Ƙasa, akwai na amfanin kai waɗanda Sufeto-Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasinsu, nan ne bindiga mai baki biyu ta faɗo, sai kuma waɗanda ake ɗurawa ta baki irin su harba-ka-ruga, waɗanda lasinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Lasin kuwa na mutum ne, ba a gadonsa yadda ake gadon riga. Dokar ta ba wanda kayan mamaci ke hannunsa kwana 14 daga ranar rasuwa ya riƙe bindigar, bayan haka in ba shi da nasa izni ya zama mai laifi. Iyali da yawa ba sa buɗe turaka sai bayan sadakar arba'in, lokacin wa'adi ya daɗe da wucewa, don haka da zarar an gan ta sai a gaggauta sanar da hukuma. Haka kuma dokar ba ta yarda kowa ya gyara irin wannan bindiga ba sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko wurin mai gyaran da ke da takardar izni, ta kuma hana yanke bututunta ya gaza inci 20. Maƙerin unguwa kome gwanintarsa, in ba shi da wannan takarda, kai masa ita jefa shi cikin rigima ne tare da mai kayan. Magaji kuma kada ya ɗauka samun sabon lasin abu ne mai sauƙi, gama cikin 2023 hedkwatar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da bayarwa.

Akwai kuma halin da ƙasa ke ciki. Tun cikin Janairun 2020 da gwamnonin jihohin Yarabawa suka ƙaddamar da rundunar Amotekun a Badun, bincike a kan hanyoyi ya ƙaru. Rikicin kasuwar Sasa na Fabrairun 2021 ya nuna yadda ƙaramar magana ke zama gobara tsakanin maƙwabtan da suka shekara da shekaru tare. Cikin Maris na 2025 kuma aka kashe matafiya 16 'yan Arewa, mafarauta, a garin Uromi na Jihar Edo, a kan hanyarsu ta komawa gida Salla, bayan 'yan banga sun ga bindigogin farauta cikin motar da suka shiga. Saboda haka babban kuskure ne saurayi ya naɗe bindiga a buhu ya haye babur ya nufi Mokola ko Dugbe neman mai gyara. Hanyar da ta dace ita ce manyan gida su tafi hannu sake, su fara shaida wa fadar Sarkin Hausawa, sa'an nan su je caji ofis da takardu, ko hedkwatar 'yan sandan Jihar Oyo da ke Eleyele, hukuma ta faɗi yadda za a ɗauko ta da wanda zai ɗauko.

A Hannun Gwani

In ta isa hannun wanda ya san aikin, ba ya fara da liba. Yakan ɗaure ta bakinta na duban yashi, ya tsaya daga gefe, ya zura siririyar sandar itace cikin kowane bututu a hankali, ya yi alama inda ta tsaya, ya zaro ya gwada ta a waje. In sandar ta kai gindin bututu, babu kome. In ta kusa kaiwa, akwai kwanson da aka riga aka harba. In kuwa ta tsaya saura inci biyu da wani abu, to, akwai harsashi mai rai. In ta tsaya tun a tsakiya, aikin zanzaro ne ko tsumma, kuma ba a san abin da ke bayansa ba.

Daga nan sai ya saurari abin da libar za ta gaya masa, gama hali uku ne kawai take nunawa.

In ta ƙi motsi sam, galibi tsatsa ce ko busasshen mai. Damina a Badun doguwa ce, iskar garin na ɗauke da laima mafi yawan shekara, bargon da aka naɗe bindigar da shi kuwa tsotsar laimar yake yi ya riƙe ta a jikin ƙarfe. Waɗansu tsofaffi kuma man gyaɗa ko manja suke shafa mata, waɗanda in sun daɗe sukan daskare su zama kamar ƙāro su liƙe sakata. Maganin wannan haƙuri ne: a ɗiga kananzir gauraye da man keken ɗinki a gindin liba, da inda bututu ya haɗu da uwa, da bakin sakatar gicciye in akwai, a bar shi ya kwana, a ƙara, wani lokaci har mako guda, ana gwada libar da yatsa kawai. Akan kiyaye kada man ya jiƙa ƙota, don yana ruɓar da itace. Kada kuma a ɗauka man ya kashe harsashin da ke ciki, ba a dogara da wannan. Har ila yau a bindigogi da yawa tura libar shi ke mayar da maɓallin tsaro baya, saboda haka in maɓallin ya yi tsatsa sai ya tare ta. In ta ɗan motsa ta tsaya cak kamar ta ci karo da dutse, mai yiwuwa sifirin ne ya karye guntunsa ya faɗa hanya.

In libar na yawo sakwaf ba nauyi, ta je ta dawo amma bindiga na rufe, to, sandar da ke haɗa ta da sakata ce ta karye ko ta cinye. Nan kananzir ba shi da amfani, sai an kwance ƙota da faifan ƙasa an ja sakatar da hannu. Kusoshin waɗannan bindigogi tsaginsu siriri ne ƙwarai, gwani yakan goge sukurdireba da magagari ya yi daidai da kowanne, domin na kasuwa ɓata kan kusar yake yi.

In kuwa libar ta je iyakarta da nauyinta daidai, ana jin sakata ta janye, amma bututu ya ƙi sunkuyawa, to, abin da ke riƙe da shi yana tsakanin gindin harsashi da fuskar uwa. Mafi yawa allura ce ta soki cibiya ta maƙale ba ta koma ba, ta zama kamar wata sakata. A tsofaffin bindigogi masu kunnuwa a waje, waɗanda aka ƙera kafin John Stanton ya kawo gudumar da ke ja da baya da kanta cikin 1867, wannan ba cuta ba ce ma, haka aka yi su: sai an ja kunnuwan baya zuwa ƙaramin tsagi na farko kafin ta yarda ta buɗe. A waɗanda gudumarsu ke ɓoye, gwani yakan fara cire katakon gaba, abin da ke raba bututun da aikin ɗana gudumomi, sau da yawa nan take ta saki. Wani dalilin kuma shi ne kwanson da. Harsasan zamanin nan jikinsu roba ne, amma na wancan zamani takarda ce mai kauri, wadda ke kumbura in ta sha laima, gindinta na tagulla ya yi tsanwa ya manne, ɗan ƙarfen da ke turo kwanso ya kasa ɗaga shi. Sai an tabbatar babu harsashi mai rai sa'an nan gwani ke yarda ya ɗan ƙwanƙwasa bututun da guntun katako, yana riƙe da liba a buɗe.

Buɗuwa Ba Ita Ce Lafiya Ba

Ranar da ta buɗe, murna kan sa magaji ya ce a sayo harsashi a gwada. Nan ma akwai rami. In an cire bututun aka juya shi, a ƙasansa kusa da gindi akwai 'yan tambura da aka buga, su ne shaidar gidan gwaji. Gidan gwajin bindigogi na Bamingam an kafa shi cikin 1813, na birnin Liyej a Baljiyam kuwa tambarinsa haruffa uku ne, E da L da G, cikin da'ira mai siffar ƙwai. Tamburan nan ne ke faɗin irin albarushin da aka gwada ta da shi. Bindigar da aka yi don baƙin albarushi mai hayaƙi ba a sa mata harsashin zamani, wanda ƙarfinsa ya ɗara wanda aka auna ta da shi. A bindigogin Ingila haruffan NP, ko BNP daga 1954, su ke nuna an gwada ta da albarushin zamani, amma ko wannan shaida ce ta ranar gwaji, ba ta bayan shekara saba'in cikin tsatsa ba.

Sai tsawon ramin harsashi. Tsofaffin bindigogin Ingila da yawa raminsu inci biyu da rabi ne, watau milimita 65, harsasan kasuwa na yau kuwa galibi inci biyu da kashi uku cikin huɗu ne, milimita 70. Dogon harsashi yakan shiga gajeren rami lafiya lau, domin bakinsa a naɗe yake, sai an harba ya warware ya rasa wuri, matsi ya ƙaru. Irin wannan matsi na iya tura cibiyar harsashi cikin ramin allura, kuma yana daga cikin dalilan da ke sa bindiga ta cije bayan harbi.

Akwai kuma bututun da ke da zane kamar igiyar ruwa ko saƙar tabarma. Wannan ba ado ne kawai ba, tsinkayen ƙarfe ne aka murɗa aka naɗe a jikin sanda aka dake su suka haɗu, aikin da Turawa suka laƙaba wa sunan birnin Dimashƙa. Yana da kyan gani, amma tsatsa kan bi layin haɗin ta ci shi daga ciki ido bai gani ba. Gwani yakan rataye bututun ya ƙwanƙwasa da farce: in ya yi ƙara garau kamar ƙararrawa, liƙin na nan, in ya yi dum kamar fasasshiyar tukunya, ya saki. Yakan kuma mayar da bututun ya girgiza, ya ɗaga wajen haske, in akwai motsi ko haske na ratsawa tsakanin bututu da uwa, gaɓar ta cinye, bindigar ba ta harbuwa.

Komawa Zauren Gado

Abin da ya rage shi ne rabo. Bindiga dukiya ce cikin dukiyar mamaci, kowane magaji na da haƙƙi a ƙimarta, har da mata da ƙananan yara, ko da yake riƙe ta sai wanda hukuma ta yarje wa. A nan ma gaggawa hasara take jawowa. Bindigar da ta fito daga hannun mashahurin maƙeri tana da daraja, amma tabon guduma ɗaya a jikin uwarta ya isa ya zubar da ita. Sunan da ke rubuce a gefe kuma kada ya ruɗi kowa, gama masana'antun Liyej sun fitar da bindigogi masu araha da yawa ɗauke da sunaye masu kama da na manyan maƙeran Ingila, irin su W. Richards, wanda ba shi ne Westley Richards ba. Tamburan ƙasan bututu su ne ke faɗin gaskiyar asalinta.

In ta tabbata ba ta harbuwa, ko kuwa ba magajin da zai sami lasin, miƙa ta ga hukuma a karɓi takardar shaida ba abin kunya ba ne, kuma ba raina mamaci ba ne. Shi ya ajiye ta ne don ya tsare gidansa da amanar baƙinsa, ba don ta zama ajalin jikansa ba.

Ga dattawan da har yanzu ke da irin wannan bindiga a ɗaka kuwa, nasu nauyin ya fi na kowa. Kada a ajiye ta da harsashi a ciki, kada a naɗe ta da bargo, a riƙa buɗe ta ana share ta da man da ya dace ko da sau ɗaya a wata, musamman da damina. A ajiye harsasai dabam a kulle, a sabunta lasin a kan kari, a kuma shaida wa babban ɗa ko wani amini inda take da inda takardunta suke. Kalma biyu da uba zai faɗa yau suna iya hana a miƙo guduma gobe. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, harbi kuwa in ya fita ba a kiransa ya dawo. Allah ya kiyaye.